Yadda ake kai iyali shan iska gidan Chatsworth da yamma ɗaya

Zuwanmu na farko Chatsworth, wani babban gidan sarauta a karkarar Ingila, mun yi abin da Hausawa ke kira taura biyu ba ta taunuwa, mu kuwa har uku muka cusa a baki. Na sayi tikitin da ya haɗa komai, muka isa ƙarfe biyu saura, da yara uku da mahaifiyata wadda ta zo mana ziyara daga gida, na ce tunda an biya kuɗi sai mun ga ƙwal uwar daka. Kafin ƙarfe huɗu auta ta kwanta a ƙasa tana birgima a tsakiyar ɗakin zane-zane, Hajiya ta nemi kujera ta ce ita nan ta tsaya, azahar kuwa sai da ta kusa haɗuwa da la'asar. Laifina ne. Wurin ya fi ƙarfin yamma ɗaya, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu: ku zaɓi abu biyu, ku bar sauran don wani jiƙon.

Ga wanda bai san irin waɗannan gidaje ba, manyan masu sarauta na Ingila tun da can suna da gida a Landan don harkar mulki, suna kuma da babban gida a karkara a tsakiyar ƙasarsu, inda dukiyar take. Ya ɗan yi kama da yadda sarakunan Kano suke da gidajen hutawa a Fanisau da Ɗorayi, sai dai a nan gidan karkarar shi ne gidan gado. Chatsworth yana gundumar Derbyshire, a bakin kogin Derwent, cikin yankin tsaunukan Peak District. Sir William Cavendish da matarsa Bess ta Hardwick suka sayi wurin a 1549, kuma har yau zuri'arsu ce a ciki, masu riƙe da sarautar Duke na Devonshire tun 1694. Abin da baƙo zai gani kashi huɗu ne: gidan kansa, lambu mai eka 105, gonar dabbobi da filin wasan yara, sai makeken fili mai kimanin eka 1,000 da ya kewaye su duka.

Mataki na 1: Ku duba rana kafin ku duba tikiti

A wannan yanki kalmar yamma ba ma'ana ɗaya gare ta ba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, azahar wajen ɗaya da 'yan mintuna, la'asar sai bayan biyar. A Disamba kuwa azahar sha biyu ne da kaɗan, la'asar kafin biyu, magariba kafin huɗu. Wato a lokacin sanyi salloli uku za su riske ku cikin awa huɗu, a waje, cikin iska mai yanka kunne. Ni dai in da ƙananan yara ko tsoho a tafiyar, tsakanin Mayu da Satumba nake zuwa.

Fili a buɗe yake duk shekara, amma gidan da lambun sukan rufe bayan hutun sabuwar shekara, sai wajen Maris a sake buɗewa. Ranakun da ba a iya motsi saboda cunkoso su ne na hutun makarantu daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, da kwanakin babban bikin baje kolin karkara da ake yi a filin a ƙarshen lokacin zafin Ingila, da kasuwar Kirsimeti a Nuwamba. In kuna da zarafin zuwa a ranar aiki, ku zo. In ba hali sai Asabar ko Lahadi, to ku yi niyyar isa sha biyu, kada ku bari sai biyu.

Hasashen yanayi kuma ku duba shi da safiyar ranar, ba tun Laraba ba. Yayyafi ba ya hana komai. Ruwa da iska tare, ku zauna a gida.

Mataki na 2: Tikiti

Nan ne mutane ke asarar kuɗi. Yawo a cikin fili kyauta ne, abin da ake biya shi ne wurin ajiye mota. Sauran ukun da tikiti ake shiga, akwai kuma wanda ya haɗa biyu ko duka. Ga yadda nake raba su. In yaranku ba su kai bakwai ba, gonar dabbobi da fili sun ishe ku. In sun tasa, lambu da fili. In akwai baƙo daga gida wanda wataƙila ba zai sake zuwa ba, gida da lambu, a kuma yarda tun a mota cewa ba za a leƙa gona ba.

Ku saya ta intanet tun daga gida, domin shiga cikin gidan da lokaci ake ba mutum, kuma ku ɗauki hoton tikitin a waya, saboda a kwarin nan sabis yakan yi wasan ɓuya. Abu ɗaya da ke rikita sababbin zuwa: katin National Trust, ƙungiyar da ke kula da gidajen tarihi da yawa a Ingila, ba ya aiki a nan. Wata gidauniya ce ta daban, wadda aka kafa a 1981, take kula da Chatsworth, kuma kuɗin ƙofa ita yake shiga don gyara da kula da wurin.

Mataki na 3: Hanya

Daga Sheffield a mota minti talatin ne zuwa arba'in, daga Chesterfield ƙasa da haka, daga Manchester kusan awa ɗaya da rabi. Lambar da za ku sa wa taswirar waya ita ce DE45 1PP. Wanda ba shi da mota, bas mai lamba 218 yana tashi daga Sheffield zuwa Bakewell ta wannan hanya, sai dai ku rubuta lokacin bas ɗin dawowa tun kafin ku sauka. Daga Landan ba tafiyar yamma ba ce, ta kwana ce.

Da kun shiga fili za ku ji tayar mota ta yi gurrr a kan wasu ƙarafa da aka shimfiɗa a titi. Don hana dabbobi fita aka sa su. Daga nan a rage gudu, don tumakin wurin ba su san hon ba, a tsakiyar kwalta suke kwanciya suna tuƙa. Kada kuma a manta doka: yaron da bai kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 ba, a kujerar yara zai zauna, ko da tafiyar ta minti goma ce.

Akwai dabarar masu ƙafa: a ajiye mota a ƙauyen Baslow a taka cikin fili zuwa gidan, tafiyar da ta ɗan haura mil ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Yana da daɗi ƙwarai, amma ku tuna duk abin da aka taka da marmari a zuwa, da yaro a kafaɗa za a tako shi a dawowa.

Mataki na 4: Abin da za a zuba a bayan mota

Tabarmar da ƙasanta leda ne, domin ciyawar Ingila ko rana ake ƙwallawa tana da laima. Sallaya. Ƙaramar buta ko gorar ruwa wadda babu komai a ciki, don banɗakunan wurin takarda ce kawai. Rigar ruwa ga kowa, ta fi lema amfani saboda iska. Takalmin da ba a jin ciwon ɓacinsa. Filin nan makiyaya ce ta gaske, kashin tumaki ko'ina. Kayan canji cikakku ga kowane yaro, har da safa, da leda biyu, ɗaya ta shara, ɗaya ta jiƙaƙƙun kaya. In da jariri, uwa ta zo da zanin goyo, domin ba a shiga cikin gidan da keken yara, manyan jakunkunan goyo ma a ƙofa ake ajiye su.

Guzuri daga gida ya fi. An yarda a shimfiɗa a ci a fili da cikin lambu, abin da aka hana shi ne hura wuta ko gashi, don haka masu mafarkin tsire a bakin kogi su haƙura. Mu dai dafa-duka muke zubawa a kula, da dambun nama, da cincin, da babban filas na shayi. Akwai wuraren cin abinci a tsohon bargar dawakin gidan, ginin da ya fi gidajen sarauta da yawa kyau, amma kuɗinsu da nauyi, kuma naman alade yana cikin abubuwa da dama. In dole ta kama, ku nemi abincin da babu nama, kamar gasasshen dankali da cuku. In kifi ne ku tambaya ko an sa giya a ƙullun da aka soya shi, alewa mai danƙo kuma a karanta bayan leda. Askirim ɗin yara ku sa shi a lissafi tun daga gida, ba yadda za ku tsallake shi.

Mataki na 5: Rabin awar farko

Kada a fara da hoto. A fara da banɗaki, kowa da kowa, har wanda ya rantse ba ya ji. A yi alwala, a sami gefen bishiya nesa da hanyar mutane a yi azahar. Alƙibla a nan kudu maso gabas take. In kun tsaya a bakin kogi kuna kallon fuskar gidan, gabas kuke duba, sai ku ɗan karkata dama. Ban taɓa ganin wanda ya tanka mana ba. Iyaka wani ya ja igiyar karensa ya kewaye. Karnuka kam suna da yawa, a ɗaure suke da igiya, amma in yaranku na tsoronsu ku gaya musu tun da wuri, kuma kada su ruga da gudu in sun ga kare ya nufo.

Sannan a nuna wa yara wurin haɗuwa in an rabu, a sa wa kowanne takarda mai lambar waya a aljihu.

Mataki na 6: Cikin gida, in kun zaɓe shi

Awa ɗaya, kada ku wuce. Hanya ɗaya ce ake bi ta ɗakuna sama da 25, da matakala da yawa. Akwai lif ga wanda ba ya iya hawa, ku tambayi ma'aikata tun a ƙofa. Ginin da kuke gani yawancinsa daga 1687 aka fara sāke shi, reshen arewa kuma ƙari ne na ƙarni na 19. Tagogin nan da ke ƙyalli daga nesa zinariya ce ta gaske aka liƙa musu, cikin babban gyaran shekara goma da aka kammala a 2018.

Yaro ba ya jin tarihi, farauta yake ji. Ku ba su abin nema. Na farko shi ne gogen Turawa da ke rataye a bayan wata ƙofa a ɗakin kiɗa na sama: sai an ƙura ido ake gane ba goge ba ne, zane ne. Ɗana na tsakiya ya yi ta musu har sai da wata ma'aikaciya ta tabbatar masa. Na biyu, mutum-mutumin wata mace da aka sassaƙa daga farin dutse da mayafi a fuskarta, mayafin ma dutse ne, amma sai ka rantse za ka iya ɗaga shi. Hajiya ta daɗe a gabansa, ta ce, "Oh, ɗan Adam! Rai ne kawai ya gagare shi."

Gara in faɗa muku tun yanzu: a silin babban zauren shiga, inda aka zana labarin Julius Caesar, da kuma dogon ɗakin sassaƙe-sassaƙe na kusa da ƙarshe, akwai siffofi na tsiraici da yawa. Kowane gida da yadda yake ɗaukar wannan. Wasu su ja yara su wuce da sauri, wasu su bar gidan gaba ɗaya su tsaya a lambu. Abin da ba shi da kyau shi ne a afka babu shiri, ga suruka a gefe.

Mataki na 7: Lambu

In abu ɗaya za ku biya wa kuɗi, wannan ne. Ku ba shi awa biyu.

Ku fara da hawa tun ƙafa na da ƙarfi. A bayan gidan akwai matakalar ruwa da aka fara ginawa a 1696, hawa 24 na dutse da ruwa ke gangarowa a kansu daga tudu, an kuma sassaƙa kowane hawa daban don ƙarar ruwan ta riƙa sauyawa. Tsufa ya kama ta, ana ta hidimar gyaranta a 'yan shekarun nan, saboda haka ku duba shafinsu ku ga ko ruwa na gudu kafin ku yi wa yara alkawari. Ko babu ruwa hawan bai faɗi ba, daga sama ake ganin gidan da kwarin gaba ɗaya.

Daga nan ku gangara ta lambun duwatsu. Duk manyan duwatsun nan da suka yi kamar za su rufto, jawo su aka yi aka jera a shekarun 1840, aikin Joseph Paxton ne, wanda aka naɗa shugaban masu lambu a 1826 yana matashi. Kusan duk abin mamakin da ke lambun da hannunsa a ciki. Shi ya gina wani katafaren ɗakin gilashi na renon tsirran ƙasashe masu zafi, wanda ake ɗumama shi da gawayin kwal. Bayan yaƙin duniya na ɗaya ba kwal ba ma'aikata, tsirran suka mutu, aka rushe shi a 1920. A kan harsashinsa aka shuka shingen ɓad-da-bami a 1962, lunguna na dogayen bishiyoyi da aka aske, ka shiga ka yi ta kewaya kana neman tsakiya. Yara za su so su shekara a ciki. Babba ɗaya ya shiga da su, ɗaya ya zauna a bakin ƙofa, don ƙofar da aka shiga ta ita ake fita. Na taɓa yin minti ashirin ina jin muryar 'yata a bayan shinge tana "Abba, ga ni nan!" ban iske ta ba.

A kusa akwai wata bishiya da ba bishiya ba ce, ta tagulla ce, ruwa na fesowa daga rassanta. Tun ƙarni na 17 masu gidan ke tsokanar baƙi da irinta. Nan ne kayan canjin za su fara aiki.

Ku ƙare a dogon tafkin da ke kudu da gidan, inda ruwa ke tsiri sama. Labarinsa yana da ban dariya. An sa ran Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya zai kawo ziyara a 1844, Duke na shida ya ce a yi masa maɓulɓular da ta fi ta sarkin a can ƙasarsa. Paxton ya haƙa tafki a kan tudu, ya jawo bututu zuwa ƙasa, nauyin ruwan kaɗai ke cilla shi sama, babu inji, har ya taɓa kai kusan mita 90. Aka gama, sarkin bai zo ba. Da na ba Hajiya labarin sai ta ce ai ko a gida haka ake yi, a yanka rago baƙo ya fasa.

Wani abu kuma da zai sa yara su buɗe baki: ayabar da muke saye a kantunan nan, wadda ita ce kusan duk ake fataucinta a duniya, sunanta Cavendish, kuma daga wannan gida ta samo sunan. Paxton ne ya rene ta a ɗakin gilashi a nan a shekarun 1830. Ku sa ayaba a guzuri, ku ba da labarin lokacin da ake ɓare ta.

Mataki na 8: Gonar dabbobi

An buɗe ta a 1973 don yaran birni su ga inda madara da ƙwai suke fitowa. Tumaki ne da awaki da kaji da dawaki, da aladu, in ba ku so yara su matsa kusa da su sai ku kewaye. Wanda ya tashi a gidan da ake kiwo zai yi dariyar a ce ya biya kuɗi don ya ga akuya, amma yaran da aka haifa a nan ba dariya suke yi ba. Filin wasan da ke bayanta shi ne abin: lilo, sulu, abubuwan hawa, yashi da ruwa. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa dabba, kafin a kai komai baki. Ku sanar da lokacin tashi tun saura minti goma, ku sake a saura biyar.

Mataki na 9: Fili, la'asar da shayi

Ko me kuka zaɓa, ku bar awar ƙarshe babu tsari. Ku sauka wajen gadar dutse mai baka uku, inda kowa ke ɗaukar hoton gidan, ku ɗan yi gaba da taron ku shimfiɗa tabarma. Filin nan da ya yi kamar haka Allah ya bar shi, tsara shi aka yi a shekarun 1760, aikin mai tsara lambuna Lancelot Brown: an karkata kogi, an dasa bishiyoyi rukuni-rukuni. Ƙauyen Edensor da ke hayi ma tayar da shi aka yi daga inda yake a ƙarni na 19 aka sake gina shi a bayan tudu. A maƙabartar cocinsa aka binne Kathleen, ƙanwar shugaban Amurka John Kennedy, wadda ta auri ɗan gidan, shugaban ma ya zo kabarin a 1963. Ɗan ginin dutsen da ke kusa da gada kuma sunan Sarauniya Mary ta Scotland yake ɗauke da shi, wadda aka tsare a Chatsworth a lokuta daban-daban tun daga 1570.

Abin lura uku ne. Kogin yana da sanyi da wurare masu zurfi, kada ido ya bar yaro. Barewar da ke yawo a filin daga nesa ake kallonta, musamman a Oktoba lokacin barbara, haka ma tunkiya mai ɗa a farkon bazara. Sai wani ganye mai baki kamar zarto da ke fitowa a gindin shinge, wanda ke ƙuna kamar karara. A nuna wa yara shi sau ɗaya su gane.

A yi la'asar a nan, a zuba shayi, a bar yara su yi ta gudu har su gaji don kansu.

Mataki na 10: Tashi

Ku tashi tun ana marmari, kamar rabin awa kafin a rufe, ku riga jerin motoci fita. A kwashe shara tas, har ɓawon ayaba. A bakin mota kowa ya cire takalmi ya jefa a leda kafin ya shiga, in ba haka ba mako guda za ku yi kuna shaƙar garke. In da sauran ƙarfi, garin Bakewell bai wuce mil huɗu ba, can ake sayar da wainar nan tasu mai almon da suka yi suna da ita. In an isa gida, wajen wanka a duba bayan gwiwa da hammata da bayan kunnen yara, domin akwai kaska a doguwar ciyawar da barewa ke bi. In an ga ta a cire da hantsaki daga kai, kada a matse cikinta.

A zuwanmu na biyu lambu da fili kawai muka yi. Ba mu kai Baslow ba duk ukun sun yi barci, auta da sandar askirim a hannu. Hajiya na gaba tana jan carbi, can ta juyo ta ce in mun je gida in rubuta mata sunan ayabar nan a takarda, za ta kai wa mai kayan marmarin unguwarsu.